Karan Awon Baba Ɗantala

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Satumba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Ɗantala, mai haƙa kabari a ƙauyenmu na ƙasar Rogo, bayan kwana biyu yana fama da amai da gudawa.

Baba, shekara talatin kana gyara wa mutane makwanci, ba ka taɓa cewa ƙasa ta yi tauri ba. Kai ka riƙe ni ranar da aka binne mahaifina.

Kowa ya san akan yanko kara a auna mamaci, a je a auna rami da shi, a bar shi can. Kai ba ka bari. Ɗaure su kake dami-dami a rumfarka, kowace unguwa da nata. Aka ce ka fara taɓuwa. Ni ma haka na rubuta a littafin da nake lissafin mace-macen ƙauye, Allah ya yafe mini.

Da damina ta yi tsaka ka kira ni, ka kwance damin unguwarku. Kara goma sha bakwai cikin mako biyar, sha ɗaya ba su kai ƙuguna ba. Na sauran unguwanni kara biyu ne, uku ne. Iyaye kuwa cewa suke kwana ne ya ƙare. Ka ce, "Nuruddeen, kwana ya ƙare, ban musa ba. Amma rijiya ɗaya muke sha. Rubuta ka kai Rogo."

Na rubuta. Na sake ƙirgawa, na sake kwafewa, ina tsoron a yi mini dariya a ofishin lafiya in na ce hujjata kara ce. Takardar ta yi kwana goma sha tara a aljihuna.

Jiya na shiga rumfar. Littafina ya ce ashirin da biyu aka binne a unguwarku kafin kai, damin ya ce ashirin da uku. Sau uku na ƙirga. Na ƙarin dogo ne, bakin yankansa ya bushe, mai ɗakinka Inna Maijidda ta ce kai ka yanko shi tun kana da lafiyarka. Masu yi maka sutura ba su san da shi ba, nasu suka yanko. Na ɗauko nasu daga kan kabarinka na jera. Ko ɗan yatsa babu tsakaninsu.

Yau na kai takardar, da damin ɗaure a bayan babur. Da la'asar aka rufe rijiyar. Ban san kara nawa jinkirina ya yanka ba.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Maijidda da ɗanka Ƙasimu. Iyayen yaran kuwa, gobe zan bi gida-gida in faɗa musu kwana nawa takardar ta yi a wurina. Allah ya ba ni ikon buɗe baki.