Riskuwa Mai Lalle

A makarantar da Riskuwa yake koyar da wasanni a Birnin Kebbi, yara ba sa kiransa da sunansa. Malam Mai Lalle suke ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a.

Ɗan Zauro ne, gidan manoman shinkafa. A kan busasshiyar laka ta fadama ya koyi ƙwallo, ƙafa ba takalmi. Da ya kai aji biyar a sakandare, a 1984, shi ne lamba tara na makarantarsu, kuma abu ɗaya ya sa a ransa: ya shiga wata kwalejin horar da malamai a Sakkwato, ya buga mata ƙwallo. A gidansu ba wanda ya taɓa wuce firamare. 'Yan uwansa sun ce ya gama ya dawo gona, ya ce su ajiye masa laujensa, in ya dawo da kansa zai ɗauka.

Sai malamin wasanninsu, Mista Elias, ya kawo labari. Ran Asabar za su kara da wata makaranta a Argungu, kuma mai horar da 'yan wasan kwalejin, Malam Hodi, zai zo ya rubuta sunan mutum biyu.

Makon nan an yi ɗan hutu, Riskuwa ya je gida. Kwana huɗu yana cikin ruwa yana cirar haki a gonar shinkafa, ruwa ya ci masa tsakanin yatsu har suna tsagewa. A Zauro maganin wannan lalle ne, ana ɗan cusa shi a wurin ya busar da ciwon. Ran Alhamis bayan azahar ya miƙa wa mahaifiyarsa, Laure, ƙafafunsa a ƙarƙashin rumfa, gajiya ta kwashe shi ya yi barci. Da ya farka wajen la'asar sakaliya, ya kwance tsumman da ta naɗe masa ƙafafun da shi, sai ya ga ƙafa ja wur har idon sawu.

"Inna! Mi kinka yi mani haka?"

"Magani mana. Kai kac ce wasan babba na, shi ya sa ban yi maka rowa ba."

"Inna, filin Argungu za ni, ba ɗakin miji ba!"

"To za a kashe ka don ka yi kyau?"

Ya goge da dutse, ya goge da toka. Lallen Laure bai ko motsa ba.

A cikin mota ran Asabar ya ɓoye ƙafafun a ƙarƙashin jaka, amma Mista Elias ya gani. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ciro nasa takalmin ƙwallo da doguwar safa. Takalmin ya yi wa Riskuwa yawa, aka cusa tsohuwar jarida a gaba.

Rabin farko abin tausayi ne. Ya tare ƙwallo ta zame, ya buga ta tafi wajen masu sayar da rake. Sau biyu yana faɗuwa ba wanda ya taɓa shi. Aka tafi hutu an ci su biyu, Malam Hodi yana zaune kan benci bai ko duba wajensa ba.

Riskuwa ya zauna ya fara kwance igiyar takalmin.

"Kai, ka yi hankali," in ji Mista Elias. "Mutanen Argungu ba su da kirki a baki. Za su cinye ka ɗanye."

"Malam, da takalmin nan ma ai an cinye ni. Bari su ci da dariya."

Yana taka fili, wani mai baki daga bakin layi ya yi ihu, "Jama'a, Birnin Kebbi sun kawo muna amarya!" Wani ƙato ya toshe hanci ya rangaɗa guɗa. Fili ya ɗauka. Mai tsaron bayan Argungu ya matso yana yaƙe haƙora.

"Amarya, ina angon?"

"Shi nika nema. Kai na? To tsaya nan kar ka gusa."

Ƙwallon farko da ta zo masa, ta tsakanin ƙafafun mutumin ya zura ta ya wuce. Guɗar ta ƙaru, amma yanzu ba a san wa ake yi wa ba. Ya ci ɗaya da ƙafar hagu. An taka masa yatsu har ciwon ya buɗe, alƙalin wasa ya ce ya fita a ɗaure masa, ya ce in ya fita ba zai sami hanyar dawowa ba. Aka tashi biyu da ɗaya, Argungu ta yi nasara.

Malam Hodi ya kira shi. Ya daɗe yana kallon ƙafafun.

"Samari, a kwaleji ba a wasa ƙafa tsirara. Doka ce. Na ga kuma yadda kake da takalmi."

"Ka ga yadda nike da takalmin wani, Malam. Ba ka gan ni da nawa ba."

"Lamba nawa kake sawa?"

Riskuwa bai sani ba. Bai taɓa sayen takalmin da ake faɗin lamba ba, na roba yake gwadawa a kasuwa. 'Yan wasan da ke kusa suka fara ƙus-ƙus. Sai ya miƙa hannu.

"Ba ni takardar nan da biro."

Ya juya bayan takardar sunayen, ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya ɗora ƙafa ya zagaye ta da biro, ya miƙa wa Malam Hodi har da ɗigon jini a gefe.

"Ga lambata. In an samo, a aiko mani."

Malam Hodi ya juya takardar ya rubuta sunan Riskuwa na biyu. Ya ce sauran jarrabawa, wannan ba ruwansa.

Lissafi ya kayar da Riskuwa a shekarar. Ya koma Zauro ya yi damina guda a fadama yana shan habaici, ya sake zama jarrabawar ya ci. Ya shiga kwalejin a 1986, ya buga mata shekara uku, da takalmi lamba arba'in da uku.