Mazagin Babana a Allakaye

Duk lokacin da ɗari ya shigo, na ji tsohuwar mota tana tari da sassafe ta ƙi tashi, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ni da furfura har gira. Kayan gyaran mota nake sayarwa a Madawa, da su na gina gida, kuma ba a san ni da kunya wajen ciniki ba. Amma akwai wata safiya da har yau in ta faɗo mini sai na sunkuyar da kai.

Ban wuce shekara takwas ba, yaƙin Turawa bai daɗe da ƙarewa ba. Babana ya koyi tuƙi a soja, da ya dawo wani attajiri ya ba shi tsohuwar kamyo, babbar motar kaya, yana jigilar gero da albasa tsakanin Madawa da Buza. Kada ka kawo motar yau a ranka. Taya ɗaya ciyawa aka cusa mata. In tukunyar ruwan ta yi yoyo, garin gero ake zubawa ya toshe. Igiyar da ke juya fankar inji ta tsinke tun tuni, sabuwa ba ta samuwa, sai baba ya sa baduku ya yanko masa wata daga fatar sa.

Inna ta haihu sau biyu bayana, ba wanda ya zauna. Da ta sake samun ciki, kaka, mahaifiyarta, ta sa aka kai ta gida Allakaye, aka haɗa da ni. Ta haifi mace, ta gama wanka. Baba ya aiko cewa da mota zai zo ɗaukarmu. Kaka ta ce sai ta gani da idonta. Jinjirar ba za ta shiga abin da zai mace da ita a daji cikin wannan ɗari ba, in motar ba ta gamshe ta ba, inna za ta zauna har zafi ya faɗo. Baba kuwa ya yi watanni yana cin tuwon maƙwabta. Ni kuma na riga na cika yaran gari da labarin motar babana.

Ya iso da la'asar, gari duk ya fito. Kawu, ƙanin inna, abokin wasan baba ne, kamar yadda aka saba tsakanin mutum da ƙannen matarsa. Ya zagaye motar, ya tambaya ko ita ta kawo baba ko baba ya kawo ta. Baba ya ce wanda bai taɓa hawa abin da ya wuce jaki ba ya yi shiru. Kafin magariba ya roƙi man shanu ya shafe igiyar fatar da kyau, don kada sanyi ya busar da ita ta karye. Ya cire bargonsa ya lulluɓe injin, domin murfin gefe ya daɗe da ɓata.

Washegari aka tashi da ɗari irin na kan dutse, wanda ruwan alwala ke cizon yatsu. Tsofaffi sun kewaye wutar kara a gindin danga. Baba ba ya shiga gidan surukarsa, ba ya haɗa ido da ita, don haka ni ya aika in karɓo garwashi. Kaka ta zuba mini a kasko tana cewa, mai gida, ashe motar taku ma mai jego ce. Aka tura kaskon ƙarƙashin inji don mai ya saki. Kawu ya ce ko a dama mata kunun kanwa. Baba ya ce ɗarin Madawa ya san baƙo, nasu ne ba shi da ladabi, shi ya sa mutanen Allakaye ke sallama da wanka tun kaka sai bazara. Kawu ya ce gara su, ba su ba ƙarfe bargo su kwana suna kaɗa haƙora ba.

Sai baba ya yaye bargon. Babu igiya. Ɗan guntu ne kawai ya rage, duk sawun haƙori. Can gefe karen kawu na kwance yana lasar baki. Kawu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce karensa ya gode da man shanu.

Aka kawo igiyar guga, ta yi kauri. Aka gwada ta kaba, ta zame. Lokacin nan kaka ta fito ƙofar gida ta zauna a kan turmi, inna na bayanta da goyo. Baba ya gan su da gefen ido. Ya zagaya bayan motar, ya dawo hannun hagu riƙe da ƙugu, na dama riƙe da mazagin wandonsa, dogo, saƙar hannu mai ƙarfi. Ya ninka shi, ya jiƙa, ya ɗaura shi a madadin igiyar fanka da hannu ɗaya da haƙori.

Saura tayarwa. Motar wancan lokacin, da ƙarfe ake murɗa ta daga gaba, kuma hannu biyu take ci. Wandon kuwa irin mai faɗin nan ne, rigarsa 'yar guntuwa. Kawu ya ce shi zai riƙe masa. Baba ya ce gara ya ba karen. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba.

“Kai, yaro, taho nan. Riƙe. Ko mi ya faru, kada ka saki.”

Na tsaya bayansa na damƙe wandon da hannu biyu. Duk yaran da na cika da labari suna nan. Yana murɗawa yana jijjiga ni, motar ta yi tari ta yi shiru, ya sake. Ina jin dariya ta ko'ina. Na kalli ƙeyarsa na ga gumi a cikin wannan sanyi, na gane ba ni kaɗai ke son ƙasa ta tsage ba. Ƙarfen ya taɓa dawowa ya buge shi muka faɗi tare, ban saki ba. Can injin ya kama, hayaƙi ya turnuƙe, mazagin na juyawa.

Da na waiwaya, ashe kaka ta juya fuskarta ga danga tun fara murɗin. Ta kira ni, ta warware wata igiyar zare daga bakin faifanta ta miƙo mini.

“Kai masa ya ɗaure wandonsa. Ka ce ya ɗauki iyalinsa. Wanda ya sha wannan a ƙofar gidana ba zai zubar da ɗiyata a hanya ba.”

Kaka ta naɗe jinjirar da lurunta, bargonta na saƙi. Mazagin ya kai mu Buza, can baba ya samu wata fatar.

Na daɗe ina ƙin zuwa Allakaye, domin yaran sun sa mini suna, kuma sunan ya bi ni har aure. Baba bai taɓa tayar da zancen ba har ya bar duniya. Jinjirar nan yanzu tana da jikoki. A shagona igiyoyin roba suna rataye kala-kala, matasa na ajiye mota mako guda suna jiran wadda ta dace, ni kuwa ina sayar musu, abincina ke nan. Kawu kam, duk shigowar ɗari sai ya ba wani direban kasuwa saƙo ya tambaye ni, a gaban masu ciniki, ko har yanzu ina riƙe. Nakan ji haushi in kori ɗan saƙon. Bana ɗari ya shigo, ya kusa fita, babu wanda ya zo tambaya.