Malama Sakinatu da yarinyar da hannunta bai kai kunne ba

Har gobe, da hantsi za ka tarar da Malama Sakinatu a gindin darbejiyar ƙofar gidanta, a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, masu goyo sun kewaye ta. Takan rufe cokali da mayafi ta zuba wa jinjiri ido. Ɗan wata huɗu ya manta da shi nan take, ɗan wata tara kuwa sai ya yaye mayafin. "Kin gani?" takan ce da uwar. "Hankali ya fara tsiro."

Bana ta ajiye alli, bayan ta tsufa tana koyar da 'yan aji ɗaya.

Mu da muka ga shekarun fari mun san yadda ake ɗaukar 'yan makaranta a lokacin. Yaro ya ɗora hannu ta saman kai, in ya taɓo kunne ya isa, in bai taɓo ba sai baɗi. Ban taɓa jin wanda ya tambayi dalilin wannan awo ba. To, a shekarar da gero ya bushe a tsaye, yara duk suka tsumbure. Aka kawo wata marainiya, Zulaihatu, ta miƙa, ta miƙa, yatsu suka tsaya a hanya. Ita kuwa ba ta da baɗi, don kawunta ya rantse in aka ƙi ta, sai tallan ƙuli-ƙuli.

"Malam Ja'afaru, tsawon hannu muke koyarwa?" in ji Malama.

Hedimasta Ja'afaru ya yi dariya. "Ke dai ba kya rabo da rigima. Ƙa'ida ce."

"Bari ka gani."

Ta zuba ruwa daidai wa daida a ƙoƙo biyu, ta juye ɗaya cikin doguwar kwalba. Ƙananan yara suka ce na kwalba ya fi yawa. Zulaihatu ta harare su. "Wa ya ƙara? Ai shi ne dai."

"Ta shiga aji," in ji Malam Ja'afaru.

Da yarinyar ta tasa, ta fara musu da manya, kawun ya kawo ƙara wai boko ta lalata ta. Ke ce, Malama, kika zaunar da shi kika ce ba fitsara ba ce, hankali ne ya kai inda yake neman hujja. Ya tafi yana gunaguni, amma bai cire ta ba. Yau ita ke duba marasa lafiyar ƙauyen, har da shi.

Mun gode, uwar 'yan aji ɗaya. Allah Ya saka da alheri. Ku kuma malamai da iyaye, kafin ku yanke wa yaro hukunci, ku durƙusa ku tambaye shi, ku jira amsarsa.