Ranar da Misis Dombek Ta Juya Wa Na'urar Zaɓe Baya

Kafin jiniyar kamfanin ƙarfe ta tashi ma'aikatan safe, fitilar kicin ɗin makarantar Titin Kogi ta riga ta kama. Duk wanda ya taso a unguwarmu ta Calder Ferry ya san wannan hasken, ya kuma san mai kunna shi. Misis Verna Dombek takan gangaro daga tudu a ƙasa, da baƙar rigar sanyi da ɗankwali ɗaure a haɓa, fararen takalman aikinta cikin jaka don kada dusar ƙanƙara ta ɓata su. Sai ta shiga ta sauya takalmi, ta ɗora tukunya, ta kwaɓa fulawa. Lokacin da yara za su fara shigowa, ƙamshin burodi ya cika baranda.

Gajeruwa ce ƙwarai, sai ta taka akwatin madara take leƙa babbar tukunya. Ba ta da yawan fara'a, ba ta kuma iya lallashi ba. Amma yaron da ubansa ke yajin aiki, ludayinsa ya fi nauyi, kuma ba ta taɓa kallon fuskarsa lokacin da take ƙara masa ba. Na ci wannan miyar har ranar da na bar makaranta ban gama ba, saboda haka na san abin da nake faɗa.

Ranar Juma'ar nan za ta ajiye ludayi, bayan shekara kusan talatin. Jaridu sun cika da hoton sabon shugaban ƙasa yana ɗaga hannu. Ni na roƙi wannan ɗan gurbin na jarida ne saboda ita.

Tana da aiki na biyu. Duk ranar zaɓe ana tura teburan cin abinci jikin bango, a gunguro na'urorin zaɓe cikin ɗakin, ita ce kuma shugabar rumfar. Kowa ya san na'urar: ka shiga, ka ja babban hannun nan ja, labule ya rufe a bayanka, sunayen 'yan takara sahu bisa sahu, kowane suna da ɗan maɗanninsa. Labulen dai iyakarsa gwiwa. Daga nan unguwarmu ta samo tsohuwar sana'arta ta karatun ƙafa. Tsofaffi sukan jeru a benci da kofin gahawa suna kallon ƙarƙashin labule: in gajere ya ɗaga dunduniya, sahun sama ya danna, in ya ranƙwafa, na ƙasa. Shugabansu shi ne tsoho Emmett Sizemore, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, yake kuma rantsuwa bai taɓa kuskure ba.

"Verna, yau ma miyar jiya ce za a ba mu?" haka yake buɗe mata kowace ranar zaɓe.

"Ta jiya ce, Emmett. Duk da haka ta fi haƙoranka sabunta. Ka ɗauke ƙafa, mutane za su wuce."

Bara ba shekarar wasa ba ce. Yaƙin Biyetnam yana ta cin samari. Shugaban ƙasa ya fito a talabijin ya ce ba zai sake tsayawa ba. Aka harbe mutum biyu da jama'a suka ɗora wa buri, ɗaya kafin a gama makokin ɗaya. Birane suka kama da wuta, 'yan sanda suka fasa kawunan matasa a Shikago muna kallo daga falo. A nan garin, mutanen da suka shekara ashirin suna cin abincin rana a benci ɗaya suka daina gaisawa. 'Yan takara uku ne: na jam'iyya mai mulki a sahun sama, na adawa a tsakiya, wani tsohon gwamna daga kudu a ƙasa. Kowannensu ya ce shi ya san yadda za a yi da yaƙin.

Misis Dombek tana da nata a cikin yaƙin. Ɗanta ɗaya tilo, Teddy, yana can tun farkon shekara. Kowa ya san wanda take ganin zai dawo mata da shi, don a coci ta taɓa yin suɓutar baki sau ɗaya.

Abokin Teddy na ƙuruciya, Lyle Brozek, shi ya dawo da bazara. Ya dawo da tsayinsa da hannuwansa, amma babu ido. Wani abu ya fashe a gabansa a gonar shinkafa. Tun da ya dawo bai cika magana ba, sai wasu suka riƙa yi masa. Ubansa, Mista Stan Brozek, shugaban leburori a kamfanin ƙarfe kuma tsohon soja, yana cewa ɗansa ya ba da ido don ƙasa, kuma duk wanda ya zaɓi masu son a gudo a bar aikin a rabi ya nemi wani gidan. Ƙanwarsa Corinne, wadda ta je zanga-zanga har ta dawo da ɗinki a goshi, tana cewa in ya zaɓi waɗanda za su ci gaba da cinye idanun samari, ba ita ba shi. Uban ne rufin da ke kansa. Ƙanwar ce ke karanta masa jarida, take aske masa gemu, take fita da shi shan iska. Ba zai iya rasa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ranar Talatar zaɓe da hantsi suka shigo da shi, uba riƙe da hannun dama, ƙanwa riƙe da na hagu. Doka ta ce marar gani yana da ikon shiga da mataimaki ɗaya, wanda zai danna masa.

"Ni zan shiga da shi," in ji Mista Brozek. "Ni na haife shi."

"Ka haife shi, ka raka shi tashar mota da tuta a hannu," Corinne ta ce. "Ya isa haka, Baba."

"Ke, rufe mini baki a gaban mutane. Da wannan gashin naki kamar na mahaukaciya."

"Gara gashina da..."

Misis Dombek ta buga cokali a kan tebur, irin bugun da take yi wa 'yan aji uku.

"Stan, nan ba falonka ba ne. Corinne, nan ba Shikago ba ce. Doka ba ta tambaye ku ba, shi ta tambaya." Ta matso gaban Lyle, kanta bai wuce ƙirjinsa ba. "Lyle, Misis Dombek ce. Wa kake so ya shiga da kai?"

Duk sunan da ya kira, ya yanke ɗayan ke nan, kuma wanda ya shiga zai fito da sirrinsa a baki. Can ya zare hannuwansa biyu a hankali.

"Har yanzu kina warin albasa, Misis D.," ya ce. "Ke nake so."

Aka ɗan yi dariya, irin ta mutanen da suka riƙe numfashi. Ta ɗora hannunsa a kafaɗarta suka shiga, labule ya rufe. Abin da ya rage wa ɗakin shi ne takalma huɗu: manyan baƙaƙe na soja, da ƙananan farare na kicin. Duk benci ya karkato. Ita gajeruwa ce, ƙafarta ba ta ɓoye komai.

Fararen takalman suka ɗaga dunduniya.

"Na sama," Emmett ya raɗa, raɗar da ta kai har bakin ƙofa. Wuyan Mista Brozek ya yi ja.

Sai dunduniyar ta sauka ta tsaya daidai.

"A'a, tsaya. Na tsakiya."

Sai gwiwa ta ɗan lanƙwashe.

"Kai, wannan matar me take yi ne?"

Daga nan suka ga abin da ba wanda ya taɓa gani a ƙarƙashin labulen nan. Fararen takalman suka juya gaba ɗaya. Dunduniya ta koma wajen na'ura, 'yan yatsu suka fuskanci ɗakin, suka fuskanci benci da uba da ƙanwa. Suka tsaya cak. Manyan baƙaƙen ba su motsa ba, don Lyle dogo ne, hannunsa na kai kowane sahu daga inda yake. Aka ji ƙaramar ƙara, sannan babban hannun ya dawo, labule ya buɗe.

Abin da ya faru a ciki, Lyle da kansa ya ba ni, ya kuma yarda in rubuta. Ya ce da labule ya rufe sai ya sunkuya ya ce mata, "Misis D., ki danna wanda kike so. Don Teddy. Ni ban san komai ba kuma, kowa ya fi ni sanin abin da nake tunani." Ya ce ya ji numfashinta ya sauya. Ba mai gani, ba mai ji, shi ma mai ƙuri'ar ya ba ta da bakinsa. Sai ta ce, "Tawa na riga na jefa da safe. Ido suka ɗauke maka, ba kai ba. Kawo hannu." Ta ɗora yatsunsa a kan maɗanni na sama ta faɗi sunan, ta sauko da su na tsakiya ta faɗa, ta sauko na ƙasa ta faɗa, duka da murya ɗaya, kamar tana kiran abincin mako. Ta sa ya maimaita. Sannan ta ce, "Zan juya baya. In ka gama ka taɓa ni."

Da suka fito, Mista Brozek ya tare ta. "Verna, wa ya zaɓa?"

"Ban gani ba, Stan."

"Kina ciki fa."

"Ka tambayi Emmett. Ai bai taɓa kuskure ba."

Emmett ya cire hula ya sosa kai. "Ni dai yau na yi ritaya ta biyu," ya ce.

Lyle ya miƙa hannun dama, ya miƙa na hagu. An ɗan jima kafin su kama, amma sun kama. Har yau yana gidan ubansa, har yau ƙanwarsa ke aske masa gemu, kuma kowannensu ya tabbata a ransa cewa nasa aka zaɓa.

Wanda Misis Dombek ta so bai ci ba. Washegari ta zo ta ɗora tukunya kamar kullum.

A watan Disamba, lokacin da shugaban ƙasa mai tafiya ke tattara kayansa mai zuwa kuma bai karɓa ba, wata koriyar mota ta tsaya a ƙofar makaranta da tsakar rana, sojoji biyu suka fito da kayan sarki. Matan kicin sun ce ta hango su ta taga. Ta sauko daga kan akwatin madara, ta rage wuta, ta kwance rigar girki ta ninke, sannan ta je ta buɗe musu ƙofa da kanta don kada su ratsa ta cikin yara.

An binne Teddy a maƙabartar tudu, ƙasa ta daskare har sai da aka kawo injin haƙa. Bayan an miƙa mata tuta a ninke, Lyle ya ce a kai shi wurinta. Yana kuka ba hawaye, abin da ba na so in sake gani.

"Misis D., da kin karɓa. Na ba ki, da kin karɓa. Bari in gaya miki wanda na..."

Ta ɗaga dunduniya, a cikin baƙaƙen takalman coci wannan karon, ta rufe masa baki da tafin hannu.

"Ban tambaye ka a can ba, ba zan tambaye ka a nan ba. Ƙuri'a ɗaya ba ta kashe Teddy ba, ba kuma za ta dawo da shi ba. Taka ce. Ka riƙe abinka."

Ranar Litinin da ta wuce aka rantsar da sabon shugaba, daidai lokacin abincin rana. Shugaban makaranta ya sa aka kawo talabijin ɗakin cin abinci don yara su ga yadda mulki ke fita daga hannu ya shiga wani hannu ba tare da an harba bindiga ba. Mai tafiya da mai zuwa suna tsaye cikin sanyi kafaɗa da kafaɗa, yaƙin kuma yana nan inda yake. Wani yaro ya yi wa allon ihu, irin wanda ya ji a gidansu. Misis Dombek ta buga cokali. "A ɗakin nan aka zaɓe shi," ta ce. "Ka zauna ka ji, in ka girma ka zo ka cire shi." Ta ci gaba da zuba miya.

Misis Dombek, ke ce kika ciyar da mu ba ki tambayi jam'iyyar iyayenmu ba. Ke ce aka miƙa wa abin da zuciyarki ta fi so a wurin da ba mai gani, kika mayar wa mai shi. Manyan da suka tsaya a kan dandamali ranar Litinin sun miƙa mulki a gaban duniya, ana kaɗa musu ganga. Ke kin miƙa naki a bayan labule, ga makaho, ɗanki yana bakin wuta. Ban san sunan da ake ba irin wannan ba. Uwar rumfa, mai fararen takalma, mun gode.

Ni shekaruna ba su kai na zaɓe ba, amma sun kai na yaƙi, kuma an kira ni gwajin lafiya wata mai zuwa. Ban san wanda zai yanke abin da zai same ni ba. Fatana dai a samu irinki a kowace rumfar da za a yanke shi.

Ku da kuke da iko a kan wani, ko ɗa ne, ko ƙane, ko marar lafiyar da kuke jinya, ku tuna da ita ranar da zai zama muku sauƙi ku yanke masa hukunci da sunan ƙauna. Ku nuna masa inda komai yake, ku faɗa masa gaskiyar sunayen, sannan ku juya baya.

Ranar Juma'a da rana za a ɗan taru a ɗakin cin abinci. Emmett ya ce zai zo da haƙoransa na roba na zuwa coci. Lyle zai zo, da mutum ɗaya a kowane hannu.