Goggo Ƙararrawa da Matan Ɗakin Naɗi

Goggona, yayar mahaifina, shekara goma sha tara ta yi tana naɗe sabulu a wani kamfani da ke bayan tashar jirgi. Su arba'in ne a ɗakin naɗi, a tsaye tun safe har la'asar, sinadarin ɗanyen sabulu yana cin fatarsu. Wadda ta shekara biyu a wurin, tafin hannunta ya tsattsage ke nan, ko tsinke ba ta iya ɗauka sai da cije leɓe.

A aji uku Goggo ta bar makaranta, amma Allah ya yi mata baki. Tana naɗi tana ƙaga baiti, mata suna amshi, har suka sa mata suna Ƙararrawa. Wanda ya fi bin gari shi ne:

"Mun wanke gari, mun ƙone hannu,
In mun faɗi wa zai tashe mu?"

A lokacin mace ba ta magana a taron ƙungiyar ma'aikata. Ran nan Goggo ta haye benci ta fara rerawa. Shugaban ƙungiya ya ce, "Baiwar Allah, sauko, nan ba gidan biki ba ne."

Ta ɗaga hannuwanta ta ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Ja ɗin nan da kake gani ba ado ba ne, jini ne."

Kwana tara mata suka ƙi shiga aiki. A rana ta goma aka raba musu safar hannu, ita kuma aka miƙa mata takardar kora. Mijinta ya karanta ya ce, "To madalla. Sai ki dafa mana baiti mu ci."

Ba kamfanin da ya sake ɗaukarta. Ta koma wankau a bayan wani otal, da sabulun mutanen da suka kore ta. Tana dariya takan ce mini, "'Yar nan, ni da sabulu mutu-ka-raba." Ba ta daina ƙaga baiti ba, tana rubutawa da ɗan karatunta. Littattafan makaranta shida ta cika, ta adana a kwali ƙarƙashin gado. Shekarar da rufin ɗakinta ya zube, ruwa ya jiƙa su, tawadar ta narke. Ba a daɗe ba ɓarin jikinta ya shanye, harshe ya karye.

Wata rana da hantsi ina ba ta magani, sai muka ji karin waƙarta a rediyo. Tallar sabulun ce. Sun ce, "Mun wanke gari, mun gyara hannu." Goggo ta damƙe zanena da hannunta mai lafiya, bakinta yana motsi, ba abin da ya fito sai miyau. Na kashe rediyon. Ta juya fuska bango, ranar ba ta ci komai ba.

Bayan wata huɗu ta rasu. Cikin matan ɗakin naɗi, uku suka zo gaisuwa. Na ɗauko biro na roƙe su su faɗa mini abin da suka riƙe. Baiti bakwai muka haɗa, biyu ma sai da suka yi gardama a kansu. Babbarsu ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yata, tsufa ya kwashe." Sannan ta tambaye ni inda ake hawa mota.