Fuskar Malam a Bayan Ƙwarya

Shekarun baya ne wannan abu ya faru, tun maigidana yana raye, Allah ya jiƙansa. Jiya ina gyaran ɗaki na ci karo da wata tsohuwar ƙwarya a ƙarƙashin gado, bakinta har ya tsage, shi ne na ce bari in zauna in ba ku labarinta. Ku yi haƙuri da rubutuna. Da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, kuma a hankali nake latsa waya.

Malam mutum ne mai son tsafta. Hatsi yake saye yana sayarwa, yau yana kasuwar Mada, gobe yana Tsafe, ya dawo mana Bungudu a gajiye, amma ba za ka taɓa ganin fuskarsa a hargitse ba. Gemunsa ɗan daidai, sajensa a tsare, gashin baki a rage. Duk ranar Juma'a da hantsi wani abokinsa wanzami zai zo da zabirarsa, su shimfiɗa tabarma a zaure, ana gyaran fuska ana tsokanar juna, in an gama su wuce masallaci tare. A ƙauyen Kekun Waje suka tashi su biyun. Mahaifin wanzamin ne ma ya yi wa Malam tsagar fuska ran sunansa. Wanzamin ne kuma babban abokin ango a bikinmu, tun daga ranar bai daina ce mini "amarya" ba, har na yi jikoki.

Wata safiya Malam yana shan koko, kofin ya suɓuce daga hannunsa. Na ɗauka santsi ne. Da na dube shi sai na ga bakinsa ya koma gefe guda. Muka yi sati uku a asibiti a Gusau. Da muka dawo, hannun dama da ƙafar dama ba sa aiki, magana tana fita da nauyi, yawu kuma yana zubo masa ta gefen baki ba tare da ya sani ba. Ciwon bai dame shi kamar yawun nan ba. Ya ce a saki labulen ɗakinsa, kada kowa ya shigo sai ni da 'ya'yansa.

Juma'ar farko wanzamin ya yi sallama a zaure kamar yadda ya saba. Na shiga na faɗa wa Malam. Ya juya fuskarsa bango ya ce, "Ce mishi ina barci."

Na aika aka faɗa masa. Bai tafi ba. Ya zauna a tabarmarsu har aka yi kiran farko, sannan ya rataya zabirarsa ya wuce masallaci shi kaɗai. Juma'a ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Da na lura duk ranar da na ambaci zuwansa Malam ba ya cin abinci, sai na daina faɗa masa. In ji sallamar, in aika da fura zaure, in yi shiru da bakina.

Haka muka yi wajen wata uku. Gashi ya rufe wa Malam fuska. Abinci yana maƙalewa a ciki, yawu yana jiƙa gemun, fatar ƙasa ta yi ja tana ƙaiƙayi. Babban ɗana ya zo daga Gusau da injin aski, Malam ya ture shi da hannun hagu. Rannan ya ce in miƙo masa madubi. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya miƙo mini. Ranar ko ruwa da ƙyar ya sha. A nan na tsorata, don na ga mutumin nan ya fara cire kansa daga cikin mutane gaba ɗaya, kuma in aka ci gaba a haka, zaman ɗakin zai gama da shi kafin ciwon.

Sai na yi dabara irin tawa. Na sa aka sayo mini reza, na ce masa, "Malam, bari in ɗan rage maka." Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni da ban taɓa riƙe reza ba sai don yanke farce! Na rage gashin da almakashi, na yayyafa ruwan randa, na yi bisimilla, na fara ta dama tunda da dama ake fara abu. Na lura in na ja rezar sama ta fi kwashewa tas, sai na yi ta ja sama, kamar ina kankare ƙanzo. Malam ko motsi bai yi ba. Har ina yabon kaina a zuci, ina cewa ashe aikin nan ba wuya. Sai da na ga jini ya sauka a wuyan rigarsa. Wuri huɗu na yanke shi. Ashe kuncin daman nan ba ya jin komai, ko da zan yanka har ƙashi ba zai sani ba. Bayan kwana uku duk inda rezar ta bi ya feso da ƙuraje, wasu har da ruwa. Ya shafa da hannun hagu, ya ga ina kallonsa, ya ce, "Ba komai. Kin yi ƙoƙari."

Da ma faɗa ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Da Juma'a ta zo na sa hijabi, na ce wa 'yata ta raka ni, na ɗauki furar da kaina na kai zaure.

"A'a, amarya, yau ke da kanki?" in ji wanzamin. "Lafiya dai? Jikin nashi ne?"

Na durƙusa na faɗa masa abin da na aikata. Ya saurare ni har na gama.

"Da wane ruwa kika jiƙa?"

"Na randa."

"Sabulu fa?"

"Ban sa ba."

"Sama kika ja ko ƙasa?"

"Sama."

Ya riƙe kansa. "Haba amarya! Fuska ce fa, ba gindin tukunya ba." Ya yi 'yar dariya, sai kuma na ga ya sa bakin rawaninsa yana goge ido.

Na ce, "Don Allah ka shiga kawai. In ya gan ka a kansa ba zai kore ka ba."

Ya girgiza kai. "Namiji ya ce barci yake, ba a ɗaga mishi labule. In na shiga da ƙarfi, abin da ya rage mishi na ƙwace. Ɗauko min ƙwarya sabuwa da gawayi."

'Yata ta kawo. Ya kife ƙwaryar a cinyarsa ya fara zane. Ban gane abin da yake yi ba sai da na ga tsagar Malam ta fito a jiki, ɗaya bayan ɗaya, yadda take a kuncinsa. Ya zana inda saje yake tsayawa daidai kunne, ya zana iyakar gemu, sannan ya yi ta jan ƙananan layuka masu nuna inda gashi yake kwanciya, nan ya yi ƙasa, nan ya karkata wajen haɓa. Bai tsaya tunani ko sau ɗaya ba. Da ya gama ya bi zanen da bakin tsohuwar aska don kada ruwa ya goge shi. Na zauna ina kallon fuskar mijina a bayan ƙwarya. Shekara talatin da wani abu ina kwana ina tashi da fuskar nan, ban san gashinta yana da hanya ba.

Ya ce kada in kuskura in sake kai reza sai ƙurajen sun mutu. Safe da yamma in wanke da ruwan ɗumi da sabulun salo, in dafa tsumma mai taushi a kai har ya tsotse ruwan, ban da gogewa, sannan in shafa man kaɗe kaɗan. In goge yawun da zarar ya zubo, kada ya zauna a fata. Na yi yadda ya ce, fatar ta fara lafawa.

Juma'a uku muka yi muna karatu a zaure, 'yata tana gefe. Ya sa na sayi abin aski mai mariƙi, ya ce aska sai wanda ya gada. Zai shafe ƙwaryar da kumfa, in kwashe kumfar da reza, in ya ji rezar ta karci ƙwaryar ya ce, "Kin yanke shi. Sake." Ya koya mini a fara ɗora tsumma mai ɗumi sai gashi ya yi laushi. A ja gajere-gajere, a bi inda gashi ya kwanta, a wanke rezar bayan kowane ja biyu, kuma kowane aski da sabuwar reza. Wajen tsaga a bi tsawonta, kada a ƙetara ta. Tunda Malam ba ya iya hura kuncin dama, sai in miƙe fatar da yatsu biyu, idona a kai, don shi ba zai ce mini na ji masa ciwo ba.

A Juma'ar ƙarshe ya nuna mini wani ɗan da'ira da ya zana a ƙasan muƙamuƙin hagu.

"Nan ki kula. Akwai tabo ƙarami, gashi ya rufe shi. Gashin wurin juyawa yake yi, ba ƙasa ya kwanta ba. Ki danne da babban yatsa, ki juyo hannunki wajen kunne, ja uku, ki ɗaga."

"Tabon mene ne?"

"Bai taɓa faɗa miki ba? Ni na tunkuɗo shi daga kan jaki muna yara. Har yau bai yafe ba."

Ban faɗa wa Malam komai game da karatun nan ba, kuma abin yana damuna, don ban saba ɓoye masa abu ba.

Juma'ar da ta biyo, da hantsi, na shiga da ruwan ɗumi na jingina shi da filo. Ina jin sallamar wanzamin a zaure na yi kamar ban ji ba. Na ɗora tsumman a fuskarsa, ya lumshe ido. Na yi kuncin dama a hankali, ko ɗigon jini babu. Na koma hagu. Da na iso ƙasan muƙamuƙi na laluba da yatsa, sai ga tabon, daidai inda yake a ƙwarya. Na danne, na juyo hannuna wajen kunne, na ja ɗaya, na ja biyu.

Sai ya kama wuyan hannuna.

"Wa ya gwada miki nan?"

Na yi ƙoƙarin zare hannuna, ya ƙara riƙewa.

"Nan wurin mutum guda ya san shi. Wa ya gwada miki?"

Na ajiye rezar, na je na ɗauko ƙwaryar na ɗora masa a cinya. Ya sa yatsan hagu yana bin zanen, ya bi tsagar, ya bi sajen, ya tsaya a kan ɗan da'irar nan. Hawaye ya gangaro ya ratsa kumfar da ta rage a kuncinsa. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko a asibiti.

"Yana ina?"

"Zaure. Inda yake zama duk Juma'a."

"Duk Juma'a?"

"Bai taɓa fashi ba, Malam. Ni ce na daina faɗa maka. Ka yafe mini."

Na kai hannu zan goge masa gefen baki, ya kawar da kai, ya ce in bar shi.

"Ce ya shigo," in ji shi. "Kin bar min gemu a karkace."

Wanzamin ya shigo da sallama, zabira a kafaɗa. Ya tsaya ya ƙare wa abokinsa kallo, bakin da yawun da komai, bai kawar da ido ba.

"To, sarkin barci, an tashi? Wata huɗu cur!" Ya zauna a bakin gado yana kwance zabira. "Wai bakin nan kake ɓoye min? Kai da ma can yaushe ka yi kyau? Amarya ce kawai aka rufe wa ido."

Malam ya yi dariya, irin wadda rabin fuska ne kawai ke yi, har ya sarƙe. Ya ɗaga hannun hagu ya kai masa duka a kafaɗa. Ni dai na ɗebi ruwana na fito, na tsaya a bayan ƙofa ina kuka ina jin ƙarar aska tana wasuwa.

Bayan sati biyu aka fito da shi zaure. Daga baya har masallaci ake kai shi. Hannun bai dawo ba har ya koma ga Allah bayan shekara huɗu, amma bai sake cewa a saki labule ba. Juma'a ta abokinsa ce, ni kuma tsakiyar mako nake ɗan share masa kunci, kuma ban sake yankarsa ba.

Da na ɗauka kula da mara lafiya shi ne magani a kan lokaci da abinci da wanki. Ban san mutum yana iya ƙoshi yana shan maganinsa, amma kunyar fuskarsa ta hana shi rayuwa ba. Kuma na ɗauka na fi kowa sanin mijina. Yanzu in na ga 'ya'yana maza suna jan reza a bushe suna sauri, nakan ce su jiƙa da ruwan ɗumi su bi inda gashi ya kwanta. Sai su yi dariya su ce, "Inna, a ina kika yi wanzanci?"

Juma'ar farko bayan rasuwar Malam, da hantsi, na ji sallama a zaure. Wanzamin ne, da zabirarsa a kafaɗa. Ya ce ƙafarsa ce ta kawo shi, sai da ya iso ƙofa ya tuna. Na shiga na ɗauko ƙwaryar na ba 'yata ta kai masa, na ce ai shi ya fi cancanta da ita. Na tsaya a bayan ƙofa ina jira. Can 'yata ta dawo da ita a hannu, muryarsa ta biyo ta.

"Riƙe abinki, amarya. Ni fuskarshi tana nan zane a hannuna."