Yadda na je Maradi sayen gyaran suna

An daɗe da yin tafiyar nan, amma sai yanzu na ga ya dace ƴan ƙungiyarmu ta manoman zogale a Jiratawa su ji yadda ta kasance, domin abin da na faɗa musu a lokacin rabi ne.

A shekarar ne wata magana ta bazu cewa zogalenmu yana ɓata ciki. Matan da ke saro shi suka daina zuwa, ganye kuma ya isa yanka, ba ya jira. Aka tara jika ɗari na kuɗin sefa, aka ce in je birni wajen masu gyara sunan mutane a rediyo da waya, waɗanda ake kira ajans. An zaɓe ni ne don na ɗan yi lakkwal, wato makarantar boko, kuma ina da furfura.

Daga Jiratawa

Bayan sallar asuba na shiga gaban motar Ilu direba, buhunan zogale a baya. A shingen shiga gari wani jandarma ya karɓi katina, ya leƙa baya.

"Baba, wanga shi ne mai sa gudu?"

"Ɗana, ɗauki ka ɗanɗana."

"A'a, ina bakin aiki," in ji shi. Ya ɗaga mana igiya yana dariya.

Zariya

Na karya da ƙosai da koko a Sabon Gari, na hau kabu-kabu zuwa unguwar Zariya, nan cikin Maradi. A ofishin ajans ɗin sakatare ya ce ganin Madam, shugabar wurin, awa guda jika goma ne, kuma a biya tukuna. Na biya, ina ganin kamar goron shiga ne.

Madam Hadiza yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƴata ta uku ba. Na zauna na fara gaisuwa yadda aka koya mini: gida, aiki, gajiya, zafi, yara. Ta ce, "Lahiya lau, Baba. Mi ke tahe da kai?" Na ji abin ya yi mini gaggawa, sai na tambaye ta ɗiyar wane ce. Ta ce mahaifinta Mushe Yakubu na Tibiri, tsohon malamin makaranta, shi ya sa ake ce masa Mushe. Ai kuwa na taɓa kai albasa Tibiri! Na ba ta labarin albasar tun daga shuka. Sau biyu tana duban agogo, ni kuwa ina cewa a raina yaran zamani ba su da natsuwa. Da na gyara zama na ce, "To, abin da ya kawo ni," sai sakatare ya buɗe ƙofa ya ce awa ta cika. Ni a sanina gaisuwa ba ta cikin lissafi. A wurinsu tana ciki.

Ta ji tausayina, ta saurare ni a tsaye. Ta ce aikinsu hanya uku ake biyansa. Akwai na awa, wanda na riga na ɗanɗana. Akwai na wata-wata, ko an yi aiki ko ba a yi ba, suna tsare maka suna kamar mai gadi. Akwai kuma na dunƙule, aiki guda kuɗi guda. Namu na dunƙule ne, jika ɗari biyu.

"Na saya sittin," na ce.

"Baba, nan ba a tayi."

Na miƙe na kama hanya, irin tafiyar da ake yi wa mai sayar da rago. Na taka a hankali har bakin ƙofa, ba a kira ni ba. Na tsaya ina gyara takalmi, ba a kira ni ba. Na isa titi na waiga, sai maigadi ya ɗaga mini hannu ya ce a sauka lafiya.

Na kwana a Sabon Gari gidan ɗan ƙanwata Sani. Tuwon ya yi daɗi, barcin bai yi ba.

Tibiri

Da safe na yanke shawarar da duk dattijo zai yanke: in yaro ya ƙi, a je wa ubansa. Na sayi zabi biyu da goro da kuɗin ƙungiya, na shiga motar Tibiri, zabin suna kuka a ƙarƙashin kujera har muka sauka. Na iske Mushe Yakubu a zaure yana duba littafin waƙoƙin coci. Da ya ji buƙatata sai da ya cire tabarau don dariya.

"Malam Idi, ni da na haihe ta, da ta yi muna sanarwar bukin ƙanenta sai da na biya kuɗɗin rediyo!"

Duk da haka ya kira ta, ya buɗe muryar wayar. Ta ce ba taurin kai ba ne. Kuɗin kashi-kashi ne: na gidan rediyo, na mai ɗaukar hoto, na man mota zuwa Jiratawa, na ɗan wasan da zai ci zogale a gaban kyamara, sannan ladan aikinta. Ba ta rage farashi, amma ana iya rage aiki. Da na bari ta yi magana jiya, da na ji wannan ban sayi zabi ba.

Muka zauna muna cirewa kamar masu tsince tsakuwa a wake. Aka rage kwanakin rediyo. Aka cire man mota, za a ɗauka a Maradi inda ake sauke buhuna. Har yanzu kuɗina bai kai ba.

"Cire ɗan wasan," na ce. "Wa ya hi ni iya cin zogale?"

Mushe ya karɓi zabinsa, ya ba ni fura, ya rako ni tasha.

Kasuwa

Washegari aka shimfiɗa mini tabarma, wata mai abinci ta kwaɗa zogale da ƙuli da yaji. Na cinye kwano, mai hoto ya ce na dubi ƙasa. Na cinye na biyu, jaki ya yi kuka a bayana. Na uku na ƙware. Na ce a bar shi haka, Madam ta ce in aka ɗage zuwa gobe, kuɗin mai hoto sabo ne. Na ce a kawo kwano. A na biyar ne na ɗaga kai na ce, "Shekara sittin ina cin wanga ganye, ku dube ni," mutanen kasuwa suka yi tafi.

Komawa gida

Kafin la'asar bidiyon ya shiga wayoyi. Ina shiga motar Ilu wata mata ta ce, "Lah, ga Baba mai zogale!" Biyu daga cikin fasinjojin masu sari ne, za su je su ga gonakin da idonsu. Muna fita gari cikina ya fara magana. Kwano biyar da yaji, ko shinkafa ce sai ta yi haka, amma wa zai yarda? Na zauna ina murmushi, gumi yana zuba, kowane rami a hanya ina kiran sunan Allah.

"Baba, lahiya kake zuhwa?" in ji ɗaya.

"Ƙarhin jini ne, ɗiyata. Aikin zogale ke nan."

Da muka hango gari na ce wa Ilu ya sauke ni, zan duba gonar wani aboki. Na tsaya ina ɗaga musu hannu cikin natsuwa har ƙurarsu ta ɓace.

Na shiga gida bayan magariba. Matan nan sun sayi buhu-buhu, a makon kuma sauran suka dawo, ganye bai lalace ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Sani da Mushe Yakubu da ƴarsa. Ƴan ƙungiya su yafe mini zabi biyu da awa guda. Mai gonar masarar da ke hannun dama kafin a shiga gari, ban san ko wane ne ba, shi ma ya yafe mini.